Tonton Medar da 'Yar Gabon

Jama'a, a gyara tsayuwa. Mai hula ya cire, mai cin abinci ya ajiye cokali. Ga Tonton Medar Dansu, kawun kowa a unguwar Vossa, babban likitan kujera mai ƙafa uku, kwamandan ƙyauren da ya ƙi rufuwa, mai ɗaura wa murfin tukunya hannu a Kwatano da kewaye. Shi ne mutumin da ya taɓa gyara tagar wani minista, ko da yake ministan bai samu damar yi masa godiya ba, don a lokacin an sauke shi yana can ƙetare yana shan iska. In ana lissafa manyan ƙasar nan ba a sa sunansa ba, to mai lissafin ne ƙyauren bayan gidansa bai taɓa ɓallewa ba.

Amma in ka gan shi a hanya, ba lallai ka matsa masa ba. Gajere ne, ƙafafu kamar sillen kara, kullum da guntun fensir a bayan kunne da jakar buhu a kafaɗa. Wuyan hannunsa na dama a naɗe yake da tsumma. Tun kafin in yi wayo ya faɗo daga rufin wani bene, mai ɗori ya ɗora hannun a karkace, ƙashi ya haɗe a haka. Daga ranar ba ya iya murɗa ko murfin kwalba, balle ya ɗaga guduma. A da kafinta ne na gaske, da shagonsa da yara a ƙarƙashinsa, rabin gadajen auren unguwar nan aikinsa ne. Hannun nan ne ya mayar da shi mai bin gida-gida yana tambayar mata ko akwai abin da ya kwance. Wata ta sallame shi da 'yan canji, wata da kwanon tuwon masara, wata da alkawari. Duk ɗaya yake karɓa, da fuska ɗaya, irin ta wanda ya zo gaisuwar mutuwa ya tarar an tashi.

Ni Zinsu nake. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nasu shi da matarsa, bangon ma na katako, har tarin juna muke ji. Zemijan nake ja, wato acaɓa, ni da babur ɗina da rigar nan rawaya. Ni da boko mun rabu a aji uku na sakandare ba tare da faɗa ba, kowa ya gaji da ganin ɗan'uwansa. Tonton ba ya kirana da suna, sai dai "kai mai baki".

Abin da ya riƙe masa sana'a wata tsohuwar sukudireba ce mai aiki da wuta, da ya tsinto a tulin kayan gwanjo a bakin tashar jirgin ruwa. Ba ta da batir. A cikinta kafasita ce, 'yar'uwar wadda ke tayar da fanka, sai dai ta fi ta ƙiba. Halinta na kaza ne, ta kurɓa ta ɗaga kai. In ya jona ta a soket, kafin ya gama tambayar matar gida yara da kasuwa ta cika. Ya ɗaure sukuru goma sha wani abu, sai ka ji muryarta ta yi ƙasa, tana nishi kamar tsohuwa a kan tudu, a mayar da ita bango ta sake kurɓa. Ni na raɗa mata suna Mai-haki, sunan ya bi ta, har yara suna kira in sun hango jakar.

Aikin gida dai ba ya fin ƙarfinta. Sandar labule, hannun kabad, ragar sauro a taga, ƙafar benci, duk sukuru kaɗan ne. Ga shi wutarmu baƙuwa ce mai gaisuwa daga tsaye. In ta leƙo ta koma, masu waya suna tsaki, Mai-haki ta riga ta ƙoshi. Kuma ko ta yi watanni a jaka ba a taɓa ta ba, ana jona ta za ta farka kamar jiya ta kwanta. Aibinta ɗaya ne: in ba soket a kusa, taɓarya ta fi ta amfani.

Sai ga 'Yar Gabon ta iso, sabuwar sukudireba mai batir. Ɗansu Romarik, shi kaɗai suka haifa, yana Libreville ta ƙasar Gabon yana aikin tayil, ya aiko da ita ta hannun wata 'yar kasuwa. Akwatinta shuɗi, batirinta kamar guntun burodi, ga ƙaramar fitila a goshi. Ya ce ta waya wannan in an cika ta sau ɗaya, daga safe har yamma ba ta neman bango. Tonton ya fito da ita tsakar gida, ya danna a iska, ta yi wata ƙara mai santsi. Mata suka yi guɗa, yara suka miƙo hannu ya buge. Daga nan ya naɗe ta da tsohon ɗankwalin matarsa, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya kwantar da ita can ƙasa, tsakanin atamfofin da ba a taɓa ɗinkawa ba da kyandir ɗin baftismar Romarik, ya watsa kafur ya rufe.

Ba wanda ya yi mamaki. Mu a nan abu mai kyau ba don amfani aka yi shi ba. Kowane gida akwai turmin atamfa da ke jiran ranar jana'iza, da farantan tangaran da ke jiran baƙon da bai zo ba tukuna. Uwata ta mutu ta bar takalmi sabo fil a leda, da shi muka binne ta, ya ma yi mata kaɗan. Gildas mai aski ne kaɗai ya ce wa Tonton batir ba ya son zaman akwati, a zaune yake mutuwa, shi ya gani a injin askinsa. Tonton ya ce abin da ya fito daga kwali da takardarsa ba irin tarkacen Gildas ba ne, kuma ba akuya ba ce balle a ce yunwa ta kashe ta. Ajiya maganin wata rana. Damina biyu suka wuce a kanta.

Matarsa Tanti Ablawa, kafin ciwo, ita ce mai akasa, wato agidin masara, da soyayyen kifi a bakin kwalta, kuma duk Vossa ba mai bakinta. In ka taɓa kifi ba ka saya ba, sai ta karanta maka tarihin kakanka. Wata safiya ta sunkuya ɗaukar kasko, ba ta miƙe ba. Ɓarin hagu ya shanye, harshe ya yi nauyi. Tun daga nan duniyarta ta koma gado da taga. Tonton ne wanka, shi ne juyi, shi ne canza zane, da hannu ɗaya da rabi, kuma ba ya barin kowa ya taya shi. In zai fita aiki sai ya jawo ƙyaure, ya ce min in kasa kunne. Da rabin bakin da ya rage mata take zagina ta bango, wai babur ɗina ya fi ni hankali, shi ko ba komai yana tsayawa in an taka birki.

Ruwanmu ba daga sama yake zuwa ba. Sai damina ta yi nisa a arewa, kogi ya juye wa tafki abin da ya kwaso, sannan wata safiya ka sauko daga gado ka ji ƙasa ta yi sanyi. Rana na dukan kwano, ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashin siminti. Mun saba. A ɗora gado kan bulo, a rataye buhun gari a rufi, a shimfiɗa katako daga ƙofa zuwa ƙofa, a zauna da kwaɗi har ya janye. Bara bulo ya ishi gadon Tanti, amma da kyar, sai da ruwan ya lashi ƙasan katifa. Bana masunta suka ce wanda ke tafe ya fi na bara, sun gani a inda kifi ya koma. Mai unguwa ya zaga da lasifika, ya ce tsofaffi da marasa lafiya a kai su makarantar firamare da ke kan kwalta tun kafin a buƙaci kwalekwale.

Tanti ta ce ba inda za ta. Ta bango na ji, don ranar ta ɗaga murya iya abin da harshen ya yarda.

"A can a jere ake kwanciya, Medar. Ba za a canza min zane a gaban matan da na yi wa rowar kifi ba. In ruwa ne, ya cinye ni a ɗakina."

"Ba mai fitar da ke," in ji shi. "Na ce ba mai fitar da ke."

Kuma ba da baki kawai ya faɗa ba. Ya samo katakon iroko daga tsoffin bencinan coci da aka canza, itacen da ƙusa ke lanƙwashewa a kansa. Ya auna, ya kai wa wani da ya koyi aiki a hannunsa, ya yanka ya huda masa ramuka. Dandamali zai yi mai kaiwa ƙirji, da shinge a gefe, a ɗora katifa a sama. Sukuru zai sa ba ƙusa ba, don hannunsa ba na guduma ba ne, kanta kuma ba ya ɗaukar bugu, sannan in ruwa ya janye a kwance a ajiye wa baɗi. Bai haɗa da wuri ba saboda ɗakin ba faɗi, kuma duk wanda ya taɓa kwana kusa da kwano a zafin nan ya san ba a gaggawar hawa. Ya bari sai ruwa ya yi sallama a ƙofa. Katakai na jingine, sukurori na cikin gwangwanin madara, kowa kuma ya san da wacce za a yi aikin.

Ranar da ruwan ya yi sallama, da safe na ga ƙaguwa tana yawo a tsakar gida kamar ita ce mai gidan. Tonton ya wanke hannu, ya buɗe akwati, ƙamshin kafur ya cika ɗaki. Ya warware ɗankwali. Ya ɗaga 'Yar Gabon yadda fada ke ɗaga kofi a coci, ya danna. Shiru. Ya cire batir ya hura, ya mayar, ya danna. Ko fitilar goshin ba ta ƙifta ba.

Ya ce yunwa ce kawai. Soket ɗaya ne a ɗakin, can sama kusa da hoton aurensu. Ya jona caja, wata 'yar jar fitila ta fara ƙiftawa. Ya jawo kujera ya zauna a gabanta.

Na ce, "Tonton, ba Mai-haki wuta mu fara da ita mana, kafin gimbiya ta gama kwalliya."

"Mai-haki ta hannun tukunya ce."

"Ai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

"Kai mai baki. Gadon uwar Romarik ne. Da abin da ya aiko za a yi."

Na ce to a zare cajar na ɗan ƙiftawar ido, Mai-haki ta kurɓa a mayar. Ya ce kowa ya sani in aka katse wa sabon batir cajinsa na farko ya nakasa ke nan har abada, haka ake yi wa waya. Ban san ko gaskiya ne ba, ni ma haka na taso na ji ana faɗa. Na tafi kwashe nawa tarkacen, na tura babur zuwa kwalta na ɗaure shi a gaban shagon Gildas.

Da na dawo rana ta take tsaka, ruwa ya rufe idon sawu a tsakar gida ya fara shiga ɗakuna. Maƙwabta kowa na fama da nasa, ana miƙa yara da kaji ta taga. Tonton yana nan inda na bar shi, ƙafafu cikin ruwa, ido a kan jar fitila. Ko mai jinya a asibiti bai kai shi kallo ba. Tanti ta tambaya daga gado ko an fara. Ya ce tana cin abinci, ta kusa. Ta ce haka aka yi ta faɗa mata ranar aurensu, ya kusa, ya kusa, tana tsaye a ƙofar coci da farar riga har furen hannunta ya yi yaushi. Ya yi ɗan murmushi bai juyo ba.

Na san abin da ke tafe, shi ma ya sani. Duk shekara in ruwa ya shiga ɗakuna sai a yanke wutar unguwar gaba ɗaya, don kada ta kashe mutane. Na tuna masa, ya ce da wuya su yi da wuri haka. Bai daɗe da rufe baki ba fanka ta fara rage gudu. Jar fitilar ta mutu. Ya cire batirin a hankali ya ɗora, ya sa bakin a kan sukuru na farko. Ta yi wani gurnani, ta juya rabi, ta tsaya. Safiya guda cur ta wuta, abin da ta samu ke nan.

Ya ajiye ta a kan akwati, bai jefar ba, har da gyara mata kwanciya. Sannan ya sa hannu a jakar buhu ya ciro Mai-haki. Ita ma cikinta wayam.

A duk kewayen janareta ɗaya ke kuka, na Gildas, can kan kwalta. Na sa Mai-haki da cajarta a leda, na ɗora a ka, na shiga ruwa. Shagon ya cika maƙil, rabin Vossa sun kawo waya, kowa na rantsuwa tasa ce ta gaggawa. Gildas bai tambaye ni komai ba, ganin abin da ke cikin ledar ya ishe shi. Ya zare wayar wata mata ya jona. Matar ta fara masifa, kafin ta kai ga uwar Gildas an cika, ya mayar mata da wayarta. Wannan kam ba mai ƙwace wa Mai-haki.

Amma iroko ba hannun tukunya ba ne. Sukurorin dogaye ne kamar yatsa, itacen kuma kamar ƙarfe. Ta tura 'yan kaɗan ta fara haki, ta bar na ƙarshen rabi a waje. Tonton ya miƙo min ita bai ɗago ba. Na koma. Haka muka wuni, in tafi ruwa na ƙwauri, in dawo yana gwiwa. A tsakani yakan kama sukudireba ta hannu da hagu, ya danna da ƙirji, ya murɗa har jijiyar wuyansa ta fito, sukuru ko gezau. Ni ma na gwada, na cinye kan guda, ya karɓe abinsa. Da na taka fasasshiyar kwalba a hanya sai muka yi musanya, ni in zauna riƙon katako, shi ya shiga ruwan. Ina hango shi ta taga, ɗan guntun mutum, ruwa a cinya, leda a ka, yana takawa da ɗaiɗaya kamar mai ɗauke da jariri.

Da ya yi nisa Tanti ta kira ni. Gadonta na jikin bango a kan bulo, tsakanin ruwa da katifa bai fi tafin hannu ba.

"Kai. Ta mutu ko?"

Na ce barci take, Tanti, 'yan Gabon akwai son jiki.

"Kada ka faɗa wa Romarik." Ta kai ido kan gwangwanin sukurori. "Da saura da yawa?"

Na leƙa gwangwanin, na ce kaɗan ya rage. Ta ce ko ƙarya ban iya ba, ban da amfanin komai.

Da la'asar dandamali ya tsaya da ƙafafunsa, an shimfiɗa saman. Saura katakan gicciye masu hana shi rawa, da shingen gefe. A lokacin ne kukan janareta ya ɗauke. Mai ya ƙare, masu sayar da na kwalba kuma sun kwashe teburansu tun rana tsaka. Na ce wa Tonton ya gaya wa Gildas ya zuƙe abin da ke tankin babur ɗina, amma tankin ɗan zemijan kowa ya san shi, ƙamshin mai ya fi man yawa. Bai kai mu ko'ina ba. Tonton ya dawo da abin da ta samu na ƙarshe, ya kashe shi a kan gicciye ɗaya. Mai-haki ta yi nishinta ta yi shiru.

Muka ɗaure sauran da igiyar shanya da tsohuwar ragar kamun kifi. Na ɗauko guduma na buga ƙusa, ta lanƙwashe, Tanti ta runtse ido don zafin ƙarar. Tonton ya ce in bari. Ya taka akwati ya hau sama, ya kwanta a inda za ta kwanta. Ya juya dama, abin ya yi ƙara ya karkata wajen taga. Ya juya hagu, ya dawo. Ya sake yi da ƙarfi, irin zaburar da take yi cikin barci da ɓarin da ke da rai, sai ƙafa ɗaya ta ɗaga daga ƙasa ta koma. Ya daɗe a kwance yana kallon kwano.

Na ce mu tokare shi da bulo, mu kwana muna riƙe da shi ni da shi, ai gari zai waye. Ya ce ruwan nan wata guda yake yi ko fiye, kuma in mutum ya faɗo, mai lafiya ne ke iya ɗaga kai daga ruwa.

Ya sauko ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Ruwa ya jiƙa gefen katifarta. Bai aike ni ba, shi da kansa ya fita ƙofa ya kira mai kwalekwale. Ta ji.

"Medar."

"Ba zai ɗauke ki ba, Maman Romarik."

"Ka ce."

"Na ce."

Ta sa hannunta mai rai ta jawo zane ta rufe fuska. Da katifar muka ɗauke ta, mu da maƙwabta, sai da aka karkata ta a ƙofa. Duk tsawon hanya mata na leƙowa ta tagogi suna yi mata sannu, ba ta buɗe ba. Tonton yana tafe a ruwa yana riƙe da bakin kwalekwalen, jakar buhunsa a wuya.

A makaranta aka ba su kusurwa a wani aji, ƙarƙashin allo. Ya ɗaura igiya ya rataya zannuwa ya yi mata labule, amma labule ido kawai yake tarewa. Ɗaki cike da mutane, kowa na jin lokacin da ya tashi ɗauko bokiti. Matan unguwa ba su yi mata dariya ba. Da sun yi ma da sauƙi, da ta samu abin mayarwa. Zuwa suke da kunu da murya mai laushi, suna cewa Allah sarki Ablawa, har da waɗanda ta taɓa kora daga gaban kaskonta. Wata ma ta karɓe jiƙaƙƙen zane daga hannun Tonton ta ce ita za ta wanke. Tun daga ranar Tanti ta daina yi masa magana. Zai ba ta abinci ta ci, zai juya ta ta juyu, amma idonta na kan taswirar da ke bango.

Labari ya kai Libreville. Romarik ya kira a wayata, don ta Tonton ta sha ruwa. Ina tsaye ina jin faɗansa, wai ta yaya za a ajiye uwarsa a aji kamar akwatin zaɓe. Ya riga ya gama magana da ƙanwarta Tanti Sika a Kalavi, can kan tudu, akwai ɗaki mai tayil da bayan gida a ciki, mota za ta zo. Kuma ba dawowa Vossa ko ruwa ya janye, ya gaji da zaman fargaba duk shekara. Tonton yana ta cewa to, to. Can yaron ya sassauta murya, ya tambaya ko injin da ya aiko ya yi amfani kuwa.

"Ya yi aiki," in ji Tonton. "Mun gode."

Motar ta zo ta tafi da ita. Shi bai bi ba. Namiji ba ya tarewa a gidan surukai, kuma Tanti Sika ba ta ɓoye abin da take gani game da mutumin da ya zauna har ruwa ya taɓa katifar 'yar'uwarta ba.

Duk Lahadi bayan coci nake ɗaukarsa a babur zuwa Kalavi. Yakan saya mata akasa a hanya, ya ce ba ta kai tata ba amma ta fi babu. Ɗakin yana da kyau, ba ƙarya, har da fanka mai tsayuwa. Wata mata aka ɗauka tana canza mata zane. In mun shiga ni take kallo. Ta tambaye ni ko har yanzu ban kashe kowa a titi ba, ko wata mara sa'a ta yarda ta aure ni. Shi kuwa ya zauna a bakin gado da ledarsa a cinya, ya ba ta labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu, tana kallon bango. In za mu tafi ya ce sai wani makon. A hanyar dawowa ba ya magana, ni ma bakin nan nawa da ake kuka da shi sai in rasa inda na ajiye shi.

Ruwa ya janye ya bar mana laka da wari da layi a bango daidai cibiyata. Da dandamalin ya tsaya, da ya isa har da rara. Gildas, ba wanda ya sa shi, ya ɗauki batirin 'Yar Gabon ya kai kasuwa, aka farke shi aka zuba masa sababbin 'ya'ya. Ya kawo ya ajiye a ƙofar Tonton ya tafi, bai tsaya a yi masa godiya ba, bai kuma ce ai na faɗa ba.

Wata yamma na dawo daga aiki na ji ƙarar nan mai santsi ta bango. Na leƙa. Ɗakin ya yi faɗi ba gado. Tonton na tsugune a gindin dandamali yana kwance shi. Abin da muka wuni muna yi da ruwa a cinya sai zarewa yake kamar ana cire ƙaya daga dafaffen kifi, ba haki, ba komawa bango. Katako na sakin ɗan'uwansa, yana jingine su, yana tsince sukurori cikin gwangwani.

Shirun ya yi min yawa. Na shiga, na cire hular kwano na riƙe a ƙirji, na gyara murya kamar mai karanta labarai a rediyo. Na ce ga mu a gaban babban alƙali, wanda ya ga ƙarfin wannan ya ga halin waccan, mai saurin cika da saurin gajiya da kuma mai dogon numfashi da mutuwar zaune. Na ce kafintocin Kwatano da Porto-Novo har da na Gabon sun ajiye zarto sun kasa kunne, a yanke hukunci yau, a faɗa musu wacce ce gwana don su san wacce za su saya.

Ya zare wani sukurun, ya hure ƙurar kansa. Bai ɗago ba.

"Ɗaga ƙafarka, ka taka min guda."